Ruwan Wa Ya Kashe Kifin Shigeharu

Lahadi, 4 ga Yuni

Yau aka yi aikin yashe magudanar gari. Daga gada zuwa ƙasa ruwan ya yi fari-fari, ga wari. Kifayen da maƙwabcina Shigeharu ke kiwo a ciki, huɗu sun juya ciki sama. Shekara goma sha biyu yana tattalinsu. Nan take aka ce Nagisa ce, yarinyar nan mai rini da ta zo daga birni bara. Ni ma na ce ita ce. Da ƙarfi ma na faɗa, a matsayina na shugaban kwamitin ruwa.

Litinin, 5 ga Yuni

Na zaga bayan ɗaki ɗauko fartanya, sai na ji shiru. Injin da ke hura iska cikin tankinmu na tace ruwan datti ba ya ƙugi. Filoginsa a ƙasa, cikin ciyawa. Ni na zare shi ran da muka gama dashen shinkafa, don in jona na'urar wanke farantan iri. Sati uku ke nan! Babu iska, 'yan halittun da ke cinye dattin sun mutu, ruwan banɗakinmu da na wanke-wanke na ta kwarara cikin magudana yadda ya fito. Ni da ke bin gida-gida ina cewa kada kowa ya taɓa filogin nan.

Na mayar, na waiga, ba kowa. Kunya kamar in nutse.

Laraba, 7 ga Yuni

Shigeharu ya ɗago min hannu daga gona: "Shugaba, yaushe za ka kama mana ɓarawon?" Wasa yake, amma ji na yi kamar da ni yake. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Alhamis, 8 ga Yuni

Matata Kinuyo ta ajiye min shinkafa ta ce, "Tsoho, injin nan ya samu lafiya, na ji ya dawo da waƙa." Shekara arba'in da aure, ba ta taɓa kallona haka ba. Ban iya cin abincin ba.

Juma'a, 9 ga Yuni

Ranar Lahadi za a zauna a hana rini a garin. Na ce wa kaina ruwa ya fara washewa, maganar za ta mutu da kanta. Ƙarya nake.

Lahadi, 11 ga Yuni

Nagisa ta riga kowa miƙewa a zauren taro, hannayenta shuɗi har gwiwar hannu. Ta sunkuya ta ce, "Iyayena, ban taɓa zuba ɗigo a magudana ba. Amma don hankalinku ya kwanta, jiya na sa an kwashe tukwanen rinina duka uku." Wata takwas ta yi tana renonsu, kullum sai ta motsa.

Sai na ji ni a tsaye. Na faɗi komai, har na'urar wanke farantan. Na ajiye shugabanci. Shigeharu ya ce, "Haba, Tsuneo! Kai?" Bai ƙara ba, gara ma a ce zagina ya yi. Na sa goshi a tabarma gaban yarinyar. Ta ce, "Baba, tun ranar Litinin ka sani?" Na ce e. Ta ce, "Asabar aka kwashe su."

Talata, 13 ga Yuni

Ban fita ba.

Asabar, 24 ga Yuni

Kinuyo ta ce sabon rini sai da tokar itace mai kyau. Kwana biyar ke nan ina ƙona guntayen itacen da ke bayan rumbu ina tankaɗewa. Ba don komai ba, sun tare wuri ne. Yau na kai buhu na biyu ƙofar Nagisa na juyo. Har yanzu ba ta gaishe ni. Amma buhun farko na nan a kan dakali, an zazzage shi, an ninke.