Isuhu Ɗan Wace Ƙasa Ne?

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigida da yara. Ya hayaniyar Legas? Ya ciwon gwiwar taki? Mu nan Jibiya kowa ƙalau.

Albishirinki, Isuhu na Kawu Sale ya ci gasar waƙa tsakanin mawaƙanmu da na Maraɗi. Mu 'yan sa kai masu rubuta kundin ilimi na intanet muka raba aiki, tarihinsa ya faɗo kaina. Na rubuta haifaffen Najeriya ne. Ban ko ajiye waya ba sai wata 'yar Maraɗi ta mayar da shi ɗan Nijar. In gyara, ta goge. Kwana uku muna haka, har shugabanmu ya kulle shafin, ya ce kowacce ta kawo hujja.

Na garzaya wurin Inna, mahaifiyarsa. Ta ce, "Ai cikin mota na haife shi. Mun wuce 'yan duwan, wato kwastan Nijar, ba mu iso namu ba. Ina ta kaina, ina na ga iyaka? Tambayi Hadiza, ita ta kare ni da zane."

Yaya, direban ya rasu, ke kaɗai ce shaidar da ta rage. Don Allah rubuto mini, wane ɓangare motar ta fi kusa da shi?

Ki gaida maigida da su Ummi, ki sa mu a addu'a. Ki faɗi tsakaninki da Allah, ba na son ƙarya. Amma ki tuna ke ma 'yar Jibiya ce.

Ƙanwarki,
Binta