Na Wuce Surukina Ban Sauka Daga Keke Ba

Malam Ashafa, don Allah ka agaza mini da shawara. Na yi abin bajinta na kuma yi abin kunya, duk a safiya ɗaya, yanzu kaina ya kulle.

Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin jimar fatu a Sharada, gidana kuwa a Dakata, ka ga kullum sai na ratsa gari kaf a kan baƙin kekena Rali. Mu masu kekuna, kafin a busa jiniyar shiga aiki mukan taru wajen mai shayi a bakin get, kowa ya faɗi abin da ya yi a hanya. Idi ya taɓa ɗauko kiret ɗin ƙwai a kariyar kekensa tun daga Fagge, ko ɗaya bai fashe ba. Sani ya yi wata huɗu bai je wajen mai faci ba, har yau bai bari kunnenmu ya huta ba. Ni kuwa nawa tafi ne kawai. Abin ya ci mini rai, sai na ƙudura cewa wata rana zan taso daga ƙofar gida har get ban sa ƙafa a ƙasa ba ko sau ɗaya.

Wata bakwai ina fama. Yau tirela ta tare ni a Bompai, gobe ɗan yalo fiba mai ba motoci hannu ya tsayar da ni, jibi jirgin ƙasa ya datse hanya. Akwai ranar da akuya ce kawai ta ɓata mini lissafi.

To, ranar Talatar makon jiya hanya ta buɗe mini tamkar an share. Na wuce Bompai, na wuce reluwe, na shigo Sharada har ina hango hayaƙin kamfaninmu. Sai ga surukina Malam Gwadabe, wanda ɗan asalin Sharadar ne, yana tafe a ƙasa da wasu dattawa biyu aminansa. Tun da ya ba ni 'yarsa, daga nesa nake sauka in na gan shi, in jingine keke, in cire takalmi, in tsuguna in gaishe shi. Amma ran nan, wallahi ƙafata ta ƙi barin feda. Na kaɗa masa ƙararrawa sau biyu, na ɗaga masa hannu kamar wani sa'ana, na wuce.

A get abokai suka yi ta shewa, mai shayi ya ƙara mini madara. Sai da shayin ya kai rabi sannan na tuna irin kallon da dattawan nan suka bi ni da shi.

Ga inda matsalar take. Matata Safiyatu tana gidansa tana wankan haihuwar fari, jibi Juma'a take arba'in. Na tura matar yayana a sa ranar dawowarta, sai ya ce a bar ta ta ƙara hutawa, ai mijinta mutum ne mai sauri, ba shi da lokacin tsayawa. Malam, na gaji da tuwon saye, kuma ina kewar matata da ɗana ƙwarai. Idi ya ce in je in ce birki ne ya tsinke. In faɗi haka? Kuma ba zan ɓoye maka ba, har yanzu in na tuna na yi Dakata zuwa Sharada ban sauka ba, sai in ji daɗi ya kama ni. Ko wannan ma laifi ne?

Naka,
Mai Baƙin Rali, Dakata

Mai Baƙin Rali,

Da farko barka da ƙoƙari. Ni da nake sauka sau uku tsakanin gidana da ofis, na san abin da ka yi ba ƙarami ba ne. Daɗin da kake ji halaliyarka ne, ka riƙe abinka.

Amma ka duba ɓangaren Malam Gwadabe. Da shi kaɗai ne, da watakila ya yi dariya ya bar maganar. A gaban aminansa ka wuce shi, mutanen da ƙila ya sha yi musu alfahari da ladabinka. Ba saurinka ne ya ɓata masa rai ba, kunyar da ya ji ce. Shi ma dai riƙe maka iyali a kan wannan ya yi tsauri, sai dai ina ganin jan kunne ne kawai, yana jira ya ga ko za ka gane.

Shawarar Idi kuwa, ka bar masa kayarsa, shi gwanin ƙwai ne. Wanda birkinsa ya tsinke ihu yake yi, ba ya kaɗa ƙararrawa yana ɗaga hannu. Dattijon nan ya gan ka da idonsa, in ka ɗora ƙarya a kan laifi ka mai da shi yaro.

Gobe Alhamis bayan la'asar ka ɗauki yayanka ku je da goro, ka zaɓi lokacin da aminan nan nasa suke zaune tare da shi. Tun daga bakin layi ka sauka ka turo keken da hannu. Ka faɗa masa gaskiya duka, har da akuyar. Za su yi maka dariya, ka bari su yi, dariyar ce za ta wanke ka. Kada ka tayar da zancen Safiyatu, shi zai tayar da kansa.

Ka kuma kafa wa 'yan shayinku doka: ƙafar da aka sauke don gaida babba ba ta shiga lissafi. Dakata zuwa Sharada ka riga ka yi, ba mai ƙwace maka. Saura bakin layi zuwa zauren surukinka, wannan kuwa a ƙasa ake yin ta.

Allah ya huci zuciyar Malam, ya dawo maka da mai jego lafiya, ya raya yaron.

Malam Ashafa