Kaset Ɗin Da Na Hana Ki

Chapora, Goa, ƙasar Indiya, 21 ga Mayu, 2024

Zuwa ga Ermelinda, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan jar ƙasarmu, mangwaron da ya nuna a reshen da hannuna bai taɓa kaiwa ba, uwar shayin tudun Vagator, wadda dariyarta ta fi duk kiɗan da na taɓa sakawa daɗi, kuma kin san na saka da yawa!

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya yaga takarda shida kafin ya samu wannan. Shekaranjiya Salvador mai burodi ya tsaya a ƙofar shagona, ya matsa hon ɗin kekensa sau biyu, ya ce, "Anacleto, ka ji labari kuwa? Mutuniyarka za ta tafi. Ɗanta Joaquim ya aiko da tikiti, ran tara ga Yuni. Kuma ba ziyara ba ce, kulle gidan za ta yi." Rediyon wani na hannuna ina gyarawa, sai ga shi a ƙasa warwas. Ermelinda, da gaske ne? Ingila? Swindon? Ke da kike neman mayafi in fanka ta yi ƙarfi? Laraba nawa muka zauna a kasuwar Anjuna, kina auna wa mutane barkono da kanumfari ina cika ki da surutu, amma ba ki ce mini uffan ba? To, tunda kin iya shiru, ni yau na daina. Ina son ki. Ina so ki zauna. Ina so ki aure ni. Ga shi na faɗa, da shekaruna hamsin da tara, da furfurata, da kunnen hagun da lasifika ta kashe mini.

Tare da wannan takarda Salvador zai miƙa miki gwangwanin madara. In kin buɗe za ki ga ɗanyar shinkafa. Kar ki dafa, na zuba ta ne don ta tsotse danshin damina. Ki tona, za ki samu ɗan kaset kamar kwalin ashana, irin wanda muke kira DAT, wanda muka koma gare shi tun da muka ga zafin ranar Goa na lanƙwasa faifan garmaho. A jikinsa an rubuta "ya lalace" da jar tawada. Don girman Allah kar ki jefar! Ni na rubuta, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Haka muke yi a zamaninmu: mai saka kiɗa ba ya rubuta sunan gaskiya a kan kaset mai daraja, saboda masu leƙen tebur. Wani ya rubuta "darasin Faransanci", wani "bikin ƙanwata". Ni kuwa na ga ba mai satar abin da ya lalace. Kin gane wanne ne, ko ba haka ba? Shi ne. Na safiyar nan.

Kin tuna? Janairun 1994, a wurin rawar kwana da muka yi ƙarƙashin bishiyoyin kashu a bayan tudu. Kin san ƙa'idarmu: kiɗan duhu daban, na safe daban, kuma mafi daɗin cikinsu ba a sakin sa sai gefen rana ya leƙo ta bayan bishiyoyin kwakwa. Wata uku ina riƙe da wannan, tun da Asger, dogon ɗan Denmark ɗin nan mai tafiya ba takalmi, ya ba ni shi na ba shi kiɗa uku a madadinsa. A ɗakinsa ya haɗa shi da 'yan injunansa, bai taɓa fitar da shi kasuwa ba. Da gari ya fara wayewa na danna. Wayyo, Ermelinda! Minti tara da 'yan kai, ba mawaƙi, ba ko kalma ɗaya. Da farko ganga ce kaɗai, dim, dim, dim, dim, kamar mata na daka a gidan maƙwabta. Sai wani siririn sauti ya taso ta ƙarƙashi yana murɗawa yana warwarewa, na biyu ya hau kansa, na uku ya bi su, kowanne da hanyarsa amma ba mai taka ɗan'uwansa. A minti na shida komai ya ɗauke ɗif, har ana jin hankaki. Sannan muryar sarewar nan ta shigo, ganga ta dawo, mutum ɗari uku suka ɗaga hannu lokaci guda kamar an yi musu umarni.

Ni duk ban gan su ba. Ke na gani. Kina can kan tabarmarki da risho da tukunyar shayi, inda ku masu shayi kuke zama kuna kallon rawar baƙi kuna ƙyaƙyata musu. Sai na ga kin miƙe. Wa ya taɓa ganin mai shayi ta bar tabarmarta? Kika shiga fili da ludayi a hannu, idonki a rufe, furen da ke gashinki ya faɗi ba ki sani ba, rana ta sauka a goshinki. Madara ta tafasa ta zube ta kashe risho. Gwaggonki Succorina na ta ihu, "Ke Ermelinda! Aljanun Turawan ne suka shige ki? Shayi na ƙonewa!" Ko waiwaye ba ki yi ba. A wurin nan zuciyata ta fita daga hannuna, kuma har yau ba ta dawo ba.

Yanzu ga inda na yi wautar da ta fi kowace. Bayan an tashi kika zo teburina da kaset na gida, irin na rediyon kowa, wanda kika ɗauko daga wurin yayanki. Kika ce, "Anacleto, zuba mini wancan na safen, in riƙa ji ina wanke-wanke." Ni kuma, ɗan banza mai ji da kai, na gyara tsayuwa na ce, "Ba a zuba shi. Irin wannan sai dai musanya, kiɗa da kiɗa. Ke kuwa ba ki da ko ɗaya." Kaico! Gaskiya ne haka dokar take a tsakaninmu, har ɗan'uwanka ba ka ba shi kyauta, don darajar mai saka kiɗa tana ga abin da shi kaɗai ke da shi. Amma ke mai saka kiɗa ce? Wa za ki ƙwace wa fili? Kika dube ni sama da ƙasa, kika mayar da kaset ɗinki cikin zane, kika ce, "To, Sarkin Rowa, sai ka aure shi." Kika juya.

Kuma bakinki ya kama ni, shi na aura! Bayan shekara biyu kika auri Benedito mai babur ɗin haya, Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki, ban taɓa riƙe shi a rai ba. Na zo cocin, na ci miyar kifi da kwakwa har faranti biyu, na koma gida na zauna da ɗan kaset ɗina. Shekara talatin ke nan ina canza masa shinkafa duk damina, ina duba shi kar fumfuna ta kama shi. Ba ya dafa shayi, ba ya tsokana, ba ya tambayar ko na ci abinci.

Kin san yanzu ya zama abin nema a duniya? Ashe ranar nan wani ya ɗauki daƙiƙa arba'in da kyamararsa, daga baya ya ɗora a intanet. Yaran da ko haihuwarsu ba a yi ba a lokacin suna ta cacar baki a kan wa ya yi shi da mene ne sunansa. Na Asger kuwa ruwa ya cinye shi a ɗakin ajiya tun tuni, ya rubuto mini da kansa, don haka wannan kaɗai ya rage a bayan ƙasa. Bara wani Bajapane ya kwana biyar yana zarya a shagona, yana rusunawa har na ji kunya. Ya ce, "Baba, ko sau ɗaya ne, bari in ji." Na saka masa. Ya zauna a kan akwatin lasifika ya yi kuka shaɓe-shaɓe. Na ba shi ruwan kwakwa, amma kaset, ko taɓawa! Ban ga laifinsu ba, kunne ne da su. Ki saurari na yanzu da ake bugawa a bakin teku, gudu kawai kamar injin markaɗe, ba labari, ba safiya a cikinsa. Namu na da yana kama hannunka ne ya kai ka wani wuri, sannan ya dawo da kai gida lafiya.

Farin watana, me za ki yi a Swindon? Wa zai sayar miki da kifin da aka kamo yau? Wa za ki kira Sarkin Rowa a can ya ji daɗi? Joaquim yaron kirki ne, na san tausayin kaɗaicinki yake ji. Ki ce masa Kawu Anacleto ya ce zai karɓi wannan aikin. Shekara biyu da rasuwar Benedito na yi shiru don girmama shi, ashe saura kaɗan shirun ya sake cuta ta. In kika tafi, wa zan jira ran Laraba? Ina jin tsoro, Ermelinda, ban ɓoye miki ba. Amma ina kuma jin wani irin daɗi kamar yaro, don yau dai na buɗe baki. Zan gyara miki rufin kicin kafin ruwa ya sauko. Zan rage ƙarar kiɗa in kina addu'a. Zan zauna ta hagunki, don kunnen kirkin ya riƙa fuskantarki.

Ki lura, ba zuba miki na yi ba. Shi kansa na aiko, kuma na rantse ban ajiye wani ba, ba a kaset ba, ba a kwamfuta ba. Ban nemi musanya ba, doka ta sha ruwa. Naki ne halak malak. In kin ga dama ki saka shi a jaka ki hau jirgi, ba zan ce kin zalunce ni ba, ni na fara. Sai dai ki sani, rediyon gida ba ya cin irin wannan kaset, kuma injin da ke cin sa guda ɗaya ya rage mai aiki daga nan har Mapusa. Yana kan teburina. Ya tsufa, yana tari kafin ya tashi, amma yana tashi. Ranar Lahadi bayan coci zan goge shi, in share shago, in ajiye kujera biyu. In kin zo da gwangwanin, mu ji tare. In ba ki zo ba, ni da ke ba mai sake jin sa har abada, kuma ba kiɗan ne zai fi yi mini ciwo ba.

Naki tun daga waccan safiya, naki ko kin zauna ko kin tafi, naki har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa zuwa bayan coci,

Anacleto