Dakon Albasar Gidana

Zuwa ga uwar ɗiyana Bara'atu, a Tsarnawa.

Assalamu alaikum. Yau shekara uku da 'yan watanni ke nan rabona da gida. Ina fata kina lafiya, ke da Inna da Zahara'u da ƙannenta. Ƙafar Inna fa, da sauƙi? Ya kuke fama da ɗari? Ni nan Abijan lafiya lau, sai wuya da baya, su kuwa ba su daina ƙorafi.

Dogo direba ya kawo mini saƙonki tare da motar albasar wanga mako. Ya ce kin saida firigo, kin saida tele ta kallo, kin sa an yanke wutar gida. Babbar salular da na aiko ma kin rabu da ita, kin ce in ina da magana in rubuto. To, ga shi na rubuto.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Firigon nan buhu-buhu na ɗauko kuɗinta bisa wuyana. Ranar da aka shigo da ita gida unguwa duk ta zo kallo, ni a hoto kawai na gan ta. Abokan dakona sun san da ƙanƙara ake shan ruwa gidana, yanzu me zan ce musu? In yi adalci dai, na san wuta ba ta zama, takardar biya ce kaɗai ba ta fashi. Na kuma san rabin abin da nike aikowa can yake ƙarewa, da gaz na girki da kuɗin tele. Amma da kin shawarce ni.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, wai kin koma garkar marigayi Baba ke da yara, kuna ban-ruwan albasa da guga, inji yana ɗaki don tsadar mai. Bara'atu, don kada ɗiyana su ja guga na bar gida. In kun koma guga, to me nike yi nan?

Niyyata in ƙara shekara biyu in haɗa kuɗin sola, kowa ya huta. Ki dakata haka, kada ki ƙara saida komai. Ki gaida Inna ƙwarai, ki ce ta sa ni addu'a.

Maigidanki,
Almoustapha

Zuwa ga Bara'atu.

Assalamu alaikum. Ya gida, ya damina, ya Inna da yara? Allah sa hatsi ya yi kyau. Shirun watannin nan fushi ne, kin sani, ba sai na faɗa ba.

Jiya motar Dogo ta iso. Muka hau sauke kaya kamar kullum, sai ya ware wasu buhuna ya ce ni kaɗai zan ɗauke su. Na zaci mugunta ce, don sun fi saura nauyi, har na zage shi cikin raina. Sai da na dire na ƙarshe, ina share gumi, idona ya faɗa bisa shaidar da aka yi musu da shuni: zobe ɗaya da zane biyu. Shaidar Baba. Tun rasuwarsa ban sake ganinta jikin buhu ba. Na zauna nan ƙasa cikin ɓawon albasa.

Aka farke bakin buhu guda. Bara'atu, shekara kusan huɗu ina cikin albasa safe da yamma, ban ga irin wagga ba. Ja mai sheƙi, tauri kamar dutse, na tura hannu har gwiwa ban taɓo ruɓaɓɓa ba, alhali wanga lokaci kowace mota sai mun zubar da tuli. Matan kasuwa suka yi mata ca, har biyu suka kusa dambe. Na riƙe guda a tafina ina tunanin guga nawa ta sha kafin ta kai haka. Na kasa.

Dogo ya ce da karan hatsi kika ɗaura rudu, rumbun albasa irin na da, kika adana ta tun zafi har ta yi daraja. Ya ce Inna, wadda ta shekara biyu ba ta wuce ƙofar ɗaki ba, duk ranin nan a amalanke ake kai ta garka, ta zauna gindin mangwaro tana nuna fangalin da za a shayar, tana yi wa kowa faɗa. Sau uku na sa ya maimaita mini wannan. Duk abin da na aiko, babu wanda ya fito da ita daga ɗaki.

Da la'asar aka biya ni ladan dakon albasar gidana. Na karɓa, wuyana bai san ta wa ce ba. Abokai suna ta dariya, wai ashe ni ɗan dakon matata ne. Ban musa ba.

Har yanzu firigon na yi mini ciwo, ba zan yi ƙarya ba. Amma batun sola na bar shi. In Dogo ya juyo zuwa na gaba, tare za mu taho in Allah ya yarda, kafin a fara dashe. In akwai wurin mutum guda bakin rijiya, ki aje mini. Ki gaida Inna, ki shafa mini kan yara.

Kada ki sa rai da yawa. Ga abin da na tara: kuɗin mota har Konni, turmin atamfa biyu, naki da na Inna, takalman lakwal ƙafa uku na zuwan yara makaranta, da abin da zai sayi jaki guda don aikin garka, in ba mai tsada ba ne.

Naki,
Almoustapha