Kwanon Kitse

Litinin, 14 ga Afrilu

Madam Balkisa, daraktar makarantar su yarinyar, ta tsayar da ni bayan taron iyaye mata. Wata ƙungiya ta ba su fim a kan abincin nan na bakin titi, burodi da mayonez da firit, wato soyayyen dankali, da lemun kwalba, da abin da suke yi wa jikin mutum. Tana so wata uwa ta kalla tukuna, ta faɗi ko ya dace a nuna wa 'yan ajin CM2, ajin ƙarshe na firamare, inda tawa yarinyar take. Cikinmu mu goma sha huɗu ni kaɗai na yi kwaleji har na ci jarrabawar BEPC, fim ɗin kuma da Faransanci yake. Wa za ta ba in ba ni ba? Ta turo mini shi a waya.

Na kalla sau biyu bayan la'asar. Ba wasan kwaikwayo ba ne, mutanen gaske ne a wata ƙasar Turawa. Wani tsoho an yanke masa ƙafa saboda ciwon sukari. Wata yarinya tana yi wa kanta allura a ciki. Sai inda likita ya tsaga cikin wata mata, ya yi ta kwaso kitse ruwan ɗorawa har ya cika kwano.

A farkonsa akwai rubutu, wai kada a nuna wa yaran da ba su kai sha shida ba. Yaransu suke nufi. Namu tun suna goye suke ganin yanka.

Talata, 15 ga Afrilu

Na ce wa Madam ya dace. Ba ta tambayi rubutun ba, ni ma ban tayar da shi ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na tsaya ina kallon yarinyar tana alwala. Shekara goma sha biyu, wuyan hannu ya nannaɗe, kumatu kamar an hura. Kakarta ta Afala tana ce wa wannan lafiya. Babanta yana Abijan, hoto kawai yake gani ya yi ta sa albarka. Ni ce a gida, ni ke ganin yadda take haki in ta ɗauko bokiti.

Na san inda abin ya fito. Raƙiya, mai tebur a ƙofar makaranta. Ta tsaga burodi, ta shafa mayonez kamar mai yaɓen ɗaki, ta zuba ƙwai da firit. Kullum yarinyar ce a gaban layi.

'Yar farina ce, kuma ita kaɗai Allah ya bar mini. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, haka uwata ta yi da yayata. Karatun boko bai cire mini kunya ba. Amma kunya ba ta ce in zuba ido ta zama abin kallo ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu

An nuna.

An rufe tagogi da zannuwa, an haska majigi a bangon aji. Yara sun fi sittin, zafi kamar a tanda. Ni ke tsaye gefe ina fassara musu da Hausa. Turawan suna magana a hankali, da “wataƙila” da “wasu lokuta”. Yaro ba ya jin wataƙila. Na ƙara gishiri inda ya kamata.

Da aka zo wurin kwanon, wata 'yar ƙarama ta yi amai a kan benci. Na sa aka tsayar da hoton a nan. Na ce, “Ke, taso.” Yarinyar tawa ta san da ita nake. Ta fito tana jan ƙafa. Na kama dantsenta na matsa, naman ya taru a hannuna, na ɗaga su gani. Na ce abin da ke cikin kwanon can, ga shi nan a cikin ajinku.

Suka yi dariya. Madam Balkisa ta ce, “Hajiya, mu ci gaba,” ba ta dube ni ba. Da 'yar wata na kira da an ce na ci mutunci. Tawa na kira. Wannan shi ne adalci.

Muka taho gida. Ba ta yi kuka ba ma.

Litinin, 28 ga Afrilu

Mun kaɗa ƙuri'a a taron iyaye mata, an tashi Raƙiya daga ƙofar makaranta. Ni na kai mata saƙon, tunda sauran duk matsorata ne. Tana naɗe ledar teburinta ta ce, “Maman Lailatu, ni dai ƙwai nike soyawa. Ban taɓa soya ɗiyar kowa gaban jama'a ba.”

Bakin 'yan kasuwa.

Juma'a, 2 ga Mayu

Ƙanin babanta ya kawo ragon layya daga Tabaram. Fari ne mai baƙin kunne, ƙasusuwa duk a waje. Na ɗaure shi a bayan ɗaki ƙarƙashin dogon yaro. Na ba yarinyar aikinsa, dusa da harawa da ruwa safe da yamma. Ta motsa jiki ko ta rage.

Tsarin gida daga yau: ba mai, ba sukari, ba burodi. Tuwo malmala ɗaya, miyar kuka, ganyen zogale.

Talata, 6 ga Mayu

Ta roƙi in bar ta ta riƙa cin abincinta a bayan ɗaki, wai can ya fi iska. Na bar ta. Kwanon yana dawowa tas, kamar an wanke. Ashe dai ana iya cin tuwon gero ba a mutu ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Ta tambaye ni ko ruwa ma yana sa ƙiba. Na ce kada ta yi mini tambayar banza.

Laraba, 14 ga Mayu

Madam ta kira ni ofis. Wai yara sun sa wa yarinyar suna, Kwanon Kitse. In ta shigo aji sai su riƙa buga benci suna rerawa. Wai ba ta fita lokacin shan iska, tana kwantar da kai a tebur, ga jarrabawa ta matso. Wai kuma iyaye biyu sun kawo ƙara, 'ya'yansu suna firgita. Ta ce, “Hajiya, ashe akwai gargaɗi a farkon fim ɗin?” Na ce ƙananan rubutu ne, wa ke karanta su.

Na ce mata zolaya ba ta taɓa yanke ƙafar kowa ba, ciwon sukari ke yankewa. In sunan yana yi mata zafi, ta fita daga cikinsa.

Na faɗa wa yarinyar haka nan da na dawo. Ta ce, “To, Inna.”

Litinin, 19 ga Mayu

Na kai siket ɗinta wurin tela ya rage. Yatsu uku. Alhamdu lillahi.

Ragon ma abin mamaki. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce mi muke ba shi, nasu ya girme shi amma bai kai rabinsa ba. Na ce kulawa ce kawai. Gidan da ke da tsari, komai nasa yana tafiya daidai: wanda ya kamata ya yi ƙiba ya yi, wadda ya kamata ta rage ta rage.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na aika wa babanta hoton ragon da ita tana riƙe da igiya. Ya yabi rago. Sai ya turo wata murya, “Hajaratu, wace ce wannan? Ɗiyata ba ta lafiya ne?” Na ce yanzu ne ma ta samu lafiya. Mutumin da ya shekara uku bai taka garin nan namu Tawa ba.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na kama ta tana matsa dantsenta a gaban madubi, daidai inda na kama. Na yi kamar ban gani ba. Gashinta yana zuba a mataji. Zafi ne, kowa gashinsa na zuba a wannan wata.

Alhamis, 5 ga Yuni

Surukata ta iso daga Afala don sallah. Ba ta ko sha ruwa ba. Ta riƙe fuskar yarinyar da hannu biyu ta juyo gare ni. “Mi kika yi ma ɗiyar ga? Yunwa aka yi Tawa ba mu ji ba?” Na fara yi mata bayanin fim ɗin. Ta ce ita ba ta san fim ba, ta san ƙashin wuya in ta gan shi.

Ta dama mata fura da nono. Yarinyar ta karɓa da ladabi, ta nufi bayan ɗaki.

Asabar, 7 ga Yuni. Sallah.

Zan rubuta yadda ya faru, bi da bi.

Bayan an sauko idi aka yanka. Mai fiɗa yana ta salati, wai bana bai ga kitse irin wannan ba. Maza suka buɗe ragon, suka soke shi a sanduna, suka kafa a bakin wutar unguwa tare da na maƙwabta, kamar kowace shekara. Mu muka zauna da kayan ciki.

Tsohuwa ce ta tsaga tumbin. Ta tsaya. Ta sa hannu ta ɗebo ta miƙo mini har gaban hanci. Shinkafa da wake. Ga ɓawon waken, ga ƙwayar shinkafa, abincin da na dafa jiya na zuba wa yarinyar da hannuna.

Ta ce, “Ragonku shinkafa shika ci?”

Na tuna kwanon da ke dawowa tas. Wata guda da kwanaki. Na tashi na fita nemanta, kuma Allah ya sani da niyyar duka na fita. Ɓarnar abinci, da ƙarya, a ranar sallah.

Tana ƙofar gida da sabon ɗinkinta yana yawo a jikinta. Tana kallon ragon. An sa kwanon sha a ƙarƙashinsa don tarar man, kitsen yana narkewa yana ɗiga, ya kusa rabi. Ruwan ɗorawa. Na ce, “Ke!” Ta waiwayo, idon ya juye, ta zube a ƙasa.

Ni na ɗauke ta. Ba ta da nauyi. Wannan nake ta tunawa, ba ta da nauyi.

Lahadi, 8 ga Yuni

Asibiti. An sa mata ƙarin ruwa. Malamar asibitin da ke duba ta yarinya ce, na girme ta nesa ba kusa ba, amma haka ta tsare ni da ido. Tun yaushe ba ta cin abinci? Na ce ban sani ba. Ta ce, “Ba gidanki take ba?” Ta rubuta wani abu.

Da rana yarinyar ta farka. Tsohuwa ta tambaye ta a hankali don me. Ta ce, “Ba na so a yanka ni.” Wa zai yanka ki? “Inna ta ce duk mai jiki irin nawa, kafin ya girma sai likita ya tsaga shi ya cika kwano.”

Babu wannan a fim ɗin. Na sake dubawa a waya, a barandar asibiti. Babu. Ban tuna na faɗa ba.

Na faɗa.

Yau ake rabon nama a unguwa. Na ce su raba duka, har namu kason.

Talata, 10 ga Yuni

Mun dawo gida. Kunu cokali uku, shi ma sai da kakarta ta rantse mata ba sukari. Nama ko ƙamshinsa ba ta so. Malamar ta ce kada a tilasta, kada a yi faɗa, a nemo abin da ta fi so a da, a ci tare da ita. Kamar ni za a koya wa tarbiyya.

Tsohuwa ba ta yi mini magana. In tana son wani abu sai ta faɗa wa bango.

Fim ɗin dai gaskiya ne. Ciwon sukari yana nan, ba ni na ƙirƙiro shi ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na je tasha neman gishiri. A can Raƙiya ta koma, kusa da masu faci, rana tana dukan teburinta. Tunda na riga na zo.

Ta bar ni tsaye har ta sallami mutum huɗu da suka zo bayana. Sannan ta ce, “Hajiya mai fim. Guba za a sa miki ko a bari?” Na ce yadda take yi wa yarinyar da. Ta dube ni. Ta san yadda take so, ni ban sani ba: ƙwai biyu, ba albasa, yaji kaɗan, bakin burodin a yanke a ajiye gefe don shi take ci a ƙarshe. Ta naɗe a takarda. Ta ce, “A gaishe ta. Ita.”

Ba wai na sauya ra'ayi ba ne. Magani ne, malamar ce ta ce.

Na sami yarinyar a bayan ɗaki, zaune kusa da turken ragon. Na zauna a ƙasa. Na buɗe takardar, ta kau da kai. Na gutsura na ci tana kallo, man yana bin hannuna, na haɗiye. Na ce ga shi na ci, ba wanda ya zo da wuƙa. Na ce, “Ke, karɓi.” Ba ta motsa ba.

Tsohuwa tana ɗaki, ba kowa a tsakar gida. Sai na kira ta da sunanta. Bakina bai saba ba, ya fito a karkace. Ta waiga bayanta tukuna, kamar wata ce ta yi kiran.

Bakin burodin kawai ta ɗauka. Ta daɗe tana taunawa. Sauran na rufe shi da faifai, ko zuwa la'asar.

Gishirin ma na manta ban sayo ba. Gobe sai in koma tashar. Ba albasa. Lailatu ba ta son albasa.