Tayoyin da Na Sassaƙa Suna Ƙarƙashin Motar Ɗana

Zuwa ga Mai girma Shugaban biro, wato ofishin da ke karɓar kayan aikin jami'an tsaro, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe, ni mai facin taya ne a Zongo. Sau uku ina zuwa bironka, mai gadi yana cewa kana taro. Shi ya sa na sa aka rubuta mini wannan a fili, kowa ya karanta.

Na ɗaya. Kafin damina waccan wani ɗan kwangila ya sauke mini kamiyo guda, wato babbar mota, na tsofaffin tayoyi, duk sun suɗe. Ya ce in sassaƙa musu sabon zane. Wanda bai san sana'armu ba, ga yadda ake yi: ana bin tayar da wuƙa mai zafi a fitar da zane, a shafe ta da baƙi, a naɗe da leda. Ido zai ce sabuwa ce, alhali naman robar ya ƙare. Na yi aikin, na karɓi ladana, ban tambayi inda za su ba. Ba zan wanke kaina ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na biyu. Bayan sallar layya aka yi wa motar su ƙanena Laminu, direban jami'an tsaro, kwanton ɓauna a daji. Abokin aikinsa da ya tsira ya zo gaisuwa, ya shaida mini cewa sun riga sun kuɓuce wa maharan, sai tayoyin baya biyu suka fashe a kan tsakuwa, ba harsashi, ba komai. Nan maharan suka cim musu a kan babura. Laminu ya bar mata da 'ya'ya uku a unguwar Bobiel, yanzu ni ne ubansu. A lokacin na ce ƙaddara ce.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Ɗana Haruna ma direba ne a cikin jami'an. Makon jiya ya tsaya da motar aiki a rumfata in ƙara masa iska. Na durƙusa, sai na ga aikina. Ni bahago ne, zanena yakan karkata ta inda na sauran masu sana'ar ba ya karkata, ko cikin dubu zan gane shi. Duk ƙafa huɗun nawa ne. Na ce ya bar motar in sauya su da kuɗina, ya ce kayan gwamnati ne, in ya taɓa ba da izini ba shi za a kulle. Ya tayar da mota ya tafi, ya bar ni a durƙushe. Ban sani ba ko tayoyin da suka ci Laminu ma daga hannuna suka fito, kuma wannan rashin sanin ya fi mini komai ciwo.

Ranka ya daɗe, taya ba ta shiga ma'ajiya sai da takardar da ke cewa sabuwa ce, takarda kuma ba ta tafiya sai da hatimin bironka. Wa ya duba? Ko kuwa goro aka miƙa masa ya kau da kai? Ni ma bayan zuwana na biyu an aiko mini da nawa goron a ambulan, na mayar.

Kullum muna ji a rediyo ana taron manyan ƙasashe a kan tsaro, ana neman inda 'yan bindiga ke samun ƙarfi. Su zo Zongo in nuna musu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk motar da ta tsaya a daji, bindigogin cikinta sun koma hannun maharan, kuma bindiga ba ta neman fasfo. Gobe tana ƙasar maƙwabta, jibi mutanen wani gari sun kwashi tabarmi sun nufi hamada ko bakin teku. Mai sa hannu a ɗaki mai sanyi yana ganin ɗan abu kaɗan ya ci. Garuruwa yake ci.

Ga roƙona. A tsayar da duk motar da ke kan waɗannan tayoyi. A kai ni garejinku in nuna su ɗaya bayan ɗaya, wuni guda ya ishe ni. Sunan ɗan kwangilar yana bakina, zan faɗe shi gaban alƙali. In kuma kamu za a yi, a fara da ni, na cancanta, amma a bar ni in gama nunin tukuna.

Allah ya ba ka ikon yin gaskiya, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya tsare maka 'ya'yanka duk inda suka sa ƙafa. Nawa ranar Alhamis zai koma daji.

Wassalam.

Idi mai faci,
Zongo, Yamai.