Matar da Ke Koyon Tafiyata

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Ni dai kalau, sai tarin nan da kika ja ni asibiti a kansa, kamar a kaina aka fara tari a duniya.

Albishirinki! Na samu aiki. Daraktan nan da na raina tun yana share mana dandamali, shi ya zo har ɗakina ya durƙusa. Ni ce uwar gida daga farkon fim har ƙarshe, ba tsohuwar da ake kira ta yi tsaki biyu a sallame ta ba. Tun ina budurwa nake jiran irin wannan, sai da haƙora suka zube ya zo. Abu ɗaya ne ban gane ba: ya ce duk inda na fito za a fara ɗauka, sauran 'yan wasa su jira. Na ce girmamawa ce.

Ki shafa min kan yara.
Taki, Inna.

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Aiki na tafiya, sai dai ladabin ya yi yawa. Na manta magana sau ba adadi, babu wanda ya ɗaga murya. Kujera na bina duk inda na juya. Tun da nake, ban taɓa ganin wurin ɗaukar fim da ba a yi wa mutum tsawa ba.

Kuma akwai wata mata, tsawonmu ɗaya, an ɗinka mata kaya irin nawa. Ba ta da magana ko ɗaya a fim ɗin. Aikinta ta bi bayana tana koyon tafiyata, har da ɗingishin. Ba yau aka haife ni ba, Auta. Haka aka yi wa dattijon da ya daɗe yana fitowa a mijina, da aka ga jikinsa ya ƙi: aka tattara fitowarsa da wuri, aka ƙarasa sauran da ƙeyar wani.

Me likita ya faɗa miki ranar da ya tura ni karɓar magani, kika tsaya? Kuma wa ya ba darakta labari?

Ina jiran amsa.
Inna.

Auta,

Ina gaishe ki, ko da yake shirunki ya ishe ni amsa.

Wurin da uwar gida ke mutuwa, a ƙarshen aiki aka sa shi. Yau da safe aka dawo da shi gaba. Aka kira mai kwalliya ta zana min ciwo a fuska, aikin da ta saba yi min tun muna da ƙuruciya. Ta buɗe akwati, ta ɗaga haɓata, ta daɗe tana kallona. Sai ta rufe akwatin ba ta shafa min komai ba, ta fita tana share ido.

Sau ɗaya aka ɗauka. Ba wanda ya tafa.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Ki zo ki faɗa min da bakinki nawa ya rage, in san yadda zan raba numfashina. Saura fitowa da yawa, kuma da fuskata nake so a ƙarasa, ba da ƙeyar wata ba.

Allah Ya yi miki albarka.
Uwarki, Inna.